Tantanin Cikin Isufu

Sunana Saudatu, amma in kun shigo unguwar mahauta a Tasawa kuka ce Saudatu, babu mai gane wadda kuke nufi. Ku ce Saude ta gidan Sanda, za a nuna muku zauren da ungulu ke layi a kan katangarsa. Nan aka haife ni, nan na tashi, hannuna cikin kwatarniya tun ban iya ɗaura zane ba. Maza su yanka su feɗe, mu mata a turo mana kayan ciki mu wanke: tumbi, hanji, huhu, saifa. Na faɗi wannan tun da fari don kada wata ta yatsina fuska in labari ya kai inda zai kai. Ni cikin dabba ba baƙona ba ne. Cikin mutum ne ban taɓa gani ba, sai a shekarar nan da zan ba ku labari, lokacin da Nasara ma sai dai mu ji sunansu a bakin fatake.

A shekarar, duk ƙawayena sun yi aure sun bar ni. Inna Jummai, mahaifiyata, ba ta da wata gaisuwar safe sai, "Saude, yaushe za ki fid da miji?" In na yi shiru ta ce na raina ta, in na yi dariya ta jefo ni da mara.

Baba Sanda kuwa ba ya yawan magana, amma kowa ya san inda zuciyarsa take. So yake in auri Ɗan Azumi, ɗan wansa marigayi, wanda ya riƙe tun yana yaro. Ɗan Azumi mutumin kirki ne, ƙaƙƙarfa, babu wanda ya kai shi hawan ƙaho a duk unguwar. Sai dai ni da shi a akushi ɗaya muka ci tuwo, mun yi dambe a kan ƙashin miya. In dube shi in ga miji? Shi ma in aka yi zancen sai ya sosa ƙeya ya fice, don akwai wata mai tallan nono da ke hana shi sukuni.

Ni kuwa akwai Isufu.

Wayyo, Isufu! Mutumin Attantane ne, can wajen Gulbin Kaba, inda goriba ta fi mutane yawa. Sana'arsa tufkar igiya. Duk ranar kasuwa zai zo da jakinsa shaƙe da igiyoyin kaba, Baba ya saya don ɗaure shanu. Dogo ne siriri, da wushirya, da wata hula da ta ga duniya. Ba shi da kyan da za a tsaya kallo, gaskiya ɗaya ce, amma in ya yi dariya sai ka ji kamar an buɗe ƙofa iska ta shigo. Ranar da ya fara yi mini magana ina durƙushe ina juya hanjin sa da tsinke, hannuna duk ƙazanta har gwiwa.

Ya ce, "Sannu da aiki, 'yar sarki."

Na ce, "Sarkin ƙuda ba."

Ya yi dariya har igiyar da ke kafaɗarsa ta zube cikin ruwan wanki. Tun daga ranar, in na buɗe baki sai ya yi dariya, ko da cewa na yi ina kwana. Ni ma da na gane haka sai na riƙa tanadin magana tun daga kasuwa zuwa kasuwa, kamar mai tara wake a rumbu.

Bayan kaka, da aka gama ɗaurin gero, ya yi wanka ya sa farar taguwa ya zo gaida Baba a zaure. Ni ina bayan zana, na kasa kunne. Ya yi gaisuwa, ya zagaya, ya zagaya, har dai ya fito da abin da ya kawo shi: yana neman izini ya turo manyansa.

Baba ya daɗe yana wasa wuƙa a dutse kafin ya amsa.

"Yaro, igiyarka tana da kyau, ban taɓa ganin ta tsinke ba. Halinka ma ban ji wani abu ba. Amma gidan nan gidan fawa ne. Ba mu ba da ɗiya ga wanda bai taɓa rungumar ƙaho ba."

Jama'a, wannan magana ba ta da tushe. Mijin yayata mai tsire ne, ko bunsuru ya yi masa kallon banza sai ya canza hanya. Baba ya faɗa ne don ya sallami baƙo cikin mutunci, kuma duk mai hankali ya san an ce masa a'a. Amma Isufu sai ya ce, "To, Baba. Na ji." Ya tashi yana murmushi kamar an ba shi kyautar doki.

Na tare shi a bakin rijiya kafin ya bar gari.

Na ce, "Kai, kada ka kuskura."

"In kuskura me?"

"Na ga idonka. Kai da ko jakinka ba ya jin maganarka, sa za ka hau?"

"Jakina ɗan uwana ne, shi ya sa ya raina ni. Sa kuwa bai san ni ba."

Na yi rantsuwa in ya shiga fili ba zan ƙara yi masa magana ba har abada. Ya ce ai to sai ya yi ta jin muryata ina yi wa wasu faɗa, ya ishe shi. Na watsa masa ruwan guga, ya tafi yana ƙyalƙyala dariya. Na ɗauka wasa ne. Wallahi na ɗauka wasa ne.

Ranar jajibirin Sallah, da la'asar, aka fito da shanun yanka fili kamar yadda aka saba. Ku zo ku ga kwalliya! Na sha kitso ƙanana da shuni, lallena ya kama jawur har ya yi duhu, na zizara kwalli, na ɗaura sabon saƙi fari mai bakin ja wanda Inna ta ajiye mini don Sallah, na ce bari in ɗana shi tun yau. Jigidata sai ƙara take. Masu kalangu suka goce da taken mahauta, 'yan mata muka jeru gefe guda muna tafi.

Aka jawo wani baƙin bijimi mai farin goshi, ƙahoninsa kamar an buɗe hannu za a rungumi rumbu. Igiya ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya, ƙarti na riƙe. Ɗan Azumi ya fito ya yi kirari, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya maƙale wuyan sa, sa ya yi ta girgiza shi, ya sauka lafiya yana ɗaga hannu. Muka rangaɗa guɗa.

Guɗar ba ta gama sauka ba na ga wani dogo siriri ya tuɓe taguwa ya shigo fili, haƙarƙarinsa a waje ana iya lissafa su. Masu kalangu suka dubi juna, don ba su san takensa ba. Shi kuwa ya ɗaga hannu sama, ya buɗe murya yadda duk Tasawa za ta ji:

"Ni ne Isufu na Attantane! Ni ne Isufu na Saude!"

Na shiga uku! A gaban Baba, a gaban Inna, a gaban tsofaffin unguwa. Ƙawayena suka yi caa a kaina, na ja gyauton zane na rufe fuska, amma na bar ido ɗaya a waje.

Baba ya miƙe yana cewa, "Ku riƙe shi! Ku hana shi!" Kafin a kai gare shi ya riga ya yi tsalle.

Kuma ya kama! Ku ji ni da kyau, ya kama. Ya faɗa daidai tsakiya, dogayen hannayen nan suka zagaye wuyan sa, ƙafafunsa na reto. Fili ya ɗauki ihu, masu kalangu suka ƙirƙiro masa take nan take. Ni kaina ban san lokacin da na saki gyauton zanen na hau tsalle ba. Abin da bai sani ba shi ne sauka. Hawa kowa na iya hawa, sauka ce ake koyo. Ya saki hannu ɗaya don ya ɗago mini, sa ya karkata kai ya yi sama da shi. Na ga ƙaho ya shige gefen cikinsa, na ga ya faɗi can kamar an yar da buhu.

Ɗan Azumi ne ya fara kaiwa ga sa, ya murɗe wutsiyarsa, ƙarti suka ja igiya har ya durƙusa. Baba ya sunkuci Isufu shi kaɗai kamar ɗan akuya ya yi gida da shi a guje, yana kiran a nemo Hamani wanzami.

A zaure aka shimfiɗe shi kan buzu. Inna ta leƙo ta ga jini ta koma da salati. Aka ce a kawo ruwan zafi da aka tafasa da bagaruwa, aka rasa mai shigo da shi, don matan gida babu mai iya kallon jinin. Kakata Tanna, mahaifiyar Baba, tsohuwa mai goro a kumatu kullum, ta dube ni ta ce, "Ɗauki ƙwaryar nan ki shiga. Ai naki ne, duk gari sun ji."

Na shiga na durƙusa da ƙwaryar. Raunin ya fara daga ƙasan haƙarƙari na dama ya gangaro, tsawonsa ya kai taƙi. Hamani ya riƙa zuba ruwa yana share jini da auduga, Baba ya sa yatsu biyu ya buɗa bakin ciwon a hankali, ya sunkuya har gemunsa na taɓa fata. Babu mai numfashi a zauren sai Isufu.

Ni ma na duba. Fata ta tsage, ɗan kitsen da ke ƙarƙashinta ya tsage, tsoka ta dare gida biyu. A can ƙasa kuwa sai ga wani abu fari-fari, sumul, yana sheƙi kamar cikin ɓawon albasa. In ya ja numfashi ya kumburo, in ya saki ya koma. Ta bayansa ina hango inuwar hanji a naɗe, yana motsi a hankali. Na san shi! Kullum ina ganinsa manne a cikin ragon da aka feɗe, wani lokaci in ɗaye shi da farce don wasa. Ban taɓa tunanin mu ma muna ɗauke da irinsa ba.

Baba ya bi shi da ido daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake bi. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Hamani, duba da kanka. Tantani bai fashe ba."

Hamani ya duba ya gyaɗa kai. "Ƙahon gefe ya bi. Ya yanka bai huda ba."

Na ce, "Baba, zai tashi?" Na manta da kunya ɗungurungum.

Bai tsawata mini ba. Ya nuna da yatsa ba tare da ya taɓa ba. "Kin ga wannan, Saude? Shi ne shimfiɗar da Allah ya yi wa ciki. Ya bi bango duka ya lulluɓe, ya naɗe hanji da tumbi kowanne a mazauninsa, yana da ɗan danshi don su riƙa zamewa kada su goge juna. Dabba da mutum duk haka ne. Muddin yana rufe, ciki na rufe, ko da an tsaga nama. In ya huje ƙazanta ta shiga, ko hanji ya fashe a ciki..." Ya dubi Ɗan Azumi da ke tsaye a ƙofa. "Haka wana Mahaman, uban yaron nan, ya tafi. Hujin bai kai bakin tulu ba, ƙaramin abu, har muna cewa ya tsira. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, zazzaɓi ya rufe shi, ko taɓa shi ba a yi. Bai ga wata kasuwar ba."



Isufu ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Baba... na rungumi ƙahon?"

Baba ya ce, "Rufe mini baki, mahaukacin banza." Amma tafin hannunsa na kan goshin yaron, bai ɗauke ba har aka gama.

Hamani ya sa allura a wuta, ya ɗinke tsoka daban, fata daban, yana kaffa-kaffa kada tsini ya taɓa tantanin. Ɗan Azumi ya danne ƙafafu, aka sa wa Isufu guntun igiyarsa a baki ya cije. Da aka shafa zuma aka nemi tsumma mai tsabta na ɗauri, duk abin da aka kawo Hamani ya ce bai yi ba. Na shiga ɗaki na ɗaura tsohon zane, na kawo sabon saƙina na Sallah na keta shi da haƙori. Inna ta ga haka ta dafe ƙirji.

Hamani ya kafa doka kafin ya tafi. Ba tashi, ba tari, ba tuwo, ba nama, sai ruwan kunu tsararo a ɗan jiƙa maƙoshi. Sama da duka, ba dariya, don dariya daga ciki take tasowa, za ta iya ɓalle ɗinki ta tura tantanin waje. Kuma a sa ido: in ciki ya saki iska ta ƙasa, to hanji lafiya yake, an tsallake.

Yana faɗin ba dariya, duk zauren aka juyo aka dube ni.

Na ce, "Me na yi?"

Isufu ya fara shessheƙar dariya, ya ƙare da ihu yana dafe ciki. Baba ya nuna mini ƙofa. "Fita. Kada in ƙara ganin ko inuwarki a zauren nan."

Haka aka yi Sallah, gida cike da ƙanshin soye da kilishi, ango na gobe kwance a zaure yana shan ruwan kunu, ni kuma an yi mini iyaka da turmin tsakar gida. Baba ya ƙi fita kasuwa, ya bar wa Ɗan Azumi rumfa. Safe da yamma zai ɗora tafinsa a cikin Isufu ya danna a hankali ya ji ko ya yi tauri, ya kara kunne kamar mai sauraron ruwa a rijiya.

Kaka Tanna ce ta zama 'yar aikenmu, don ita ke kai kunu. Sai dai tsohuwar nan ba ta isar da saƙo yadda aka ba ta.

Na ce, "Kaka, ki ce masa ina yi masa sannu."

Ta dawo tana tauna goro. "Na ce masa kin ce in ya mutu za ki auri jakinsa."

"Kaka! Za ki kashe shi!"

"Bai yi dariya ba, ya cije tabarma. Ya ce in gaya miki jakin ya fi shi gata, ko ba komai shi yana ganinki a bakin rijiya."

Wata rana ta ce ya aiko a tambaye ni ko har yanzu ina kan rantsuwar ba zan ƙara yi masa magana ba. Na ce ta gaya masa ina kai, ai ga shi ina cikawa. Ta ce ba za ta kai wannan ba, ya yi ban dariya da yawa, sai ta ce masa kawai ina kuka. Na ce ƙarya ne. Ta ce to me ya jiƙa miki gaban zane?

Gaskiyarta. A bayan rumbu nake yi, inda babu mai gani. Duk lokacin da jikinsa ya ɗan yi ɗumi sai labarin mutuwar Baba Mahaman ya dawo mini, in ji kamar nawa cikin ne ke kumbura. Ban taɓa zaton zan zauna ina roƙon Allah, da hawaye, ya sa wani namiji ya yi tusa ba. Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, ina surfe. Sai na ji guɗa daga zaure, irin ta ɗaurin aure, doguwa har da karkarwa. Kaka Tanna ta fito da gudu, ɗankwali a hannu, tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa rijiya.

"Ya saki! Jummai, ya saki! Da ƙarfi kuwa, har kaza ta tsorata!"

Inna ta yar da ludayi ta kama guɗa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi. Da aka gaya musu, unguwa ta kwashe da dariya, mata suka shigo ana barka. Na ji muryar Baba a zaure yana hamdala yana dariya a haɗe, yana cewa, "Kai kuma kada ka yi! Riƙe cikinka! Mu za mu yi maka!" Ni kam na rungumi taɓarya na yi rawa da ita har na zagaya turmi.

Daga nan sauƙi ya riƙa shigowa. Aka ƙara wa kunu kauri, aka fara ba shi romo. Bakin ciwon ya kame, babu ruwa babu wari. Ya fara zama a jingine.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa da azahar, muka ji sallama da wata murya mai kaifi a ƙofar gida. Mahaifiyar Isufu ce, Inna Ma'u, labari ya kai mata Attantane ta taso. Gajeriya ce baƙa, ta yafa baƙin mayafi mai shuni, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya, tana jan jaki da akala. Na laɓe a bayan zanar nan tawa.

Ta faɗa kan ɗanta tana shafa fuskarsa. "Auta! Auta, me ya kai ka? Mu da muke noma da tufka, me ya haɗa mu da ƙaho?" Ta ɗaga ɗaurin ta ga ɗinki, ta yi salati. Sannan ta miƙe ta juyo kan Baba, ko gaisuwar kirki babu.

"Bawan Allah, an ce kai ka tura shi."

Baba ya sunkuyar da kai. "Maganata ce ta tura shi. Ban musa ba."

"To na gode da jinya. Ga jaki nan, yanzu zan tafi da abina."

Daga Tasawa zuwa Attantane a kan jaki, cikin rairayi, da ɗinkin da bai gama kamawa ba!

Baba ya ce, "Ki yi haƙuri, ba zai hau jaki ba. Naman bai haɗe ba tukuna. Abin da ya raba hanjinsa da waje bai fi kaurin ganye ba. Jaki ya yi tuntuɓe sau ɗaya, aikin ya lalace."

"A gidan da aka tsaga shi zan bar shi?"

"A gidan da aka ɗinke shi."

"Ɗana ne!"

"Ban ce ba naki ba ne."

"To da wane iko za ka hana ni? Kai wane ne nasa?"

Ta kama hannun Isufu tana ƙoƙarin tada shi, shi kuma yana, "Inna, tsaya, Inna." Baba ya tare ƙofar zaure da faɗin jikinsa, ransa ya ɓaci, muryarsa ta tashi yadda take tashi a mayanka.

"Surukina ne! Mijin ɗiyata ne! Ba wanda zai ɗora mini suruki a kan jaki ya kashe shi a hanya!"

Baba kansa ya tsaya baki buɗe, kamar yana neman wanda ya yi maganar. Kaka Tanna da ke zaune a lungu ta tofar da goro ta ce, "Mun ji, mun shaida." Ɗan Azumi daga waje ya ce, "Ni ma na ji," da wata murna da ta fi ta kowa. Isufu kuwa ya cusa gefen bargo a baki, kafaɗunsa na girgiza, hawaye na zuba.

Ni ban san na jingina da zana da ƙarfi ba sai da ta kife da ni cikin zauren, rigijib, a gaban kowa.

Inna Ma'u ta saki hannun ɗanta. Ta dube ni daga kitso har tafin ƙafa, ni ina durƙushe cikin tsohon zane, hannuna na warin tumbi, kara a gashina.

"Ke ce Sauden?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Sannu da hanya." Muryata kamar ta sauro.

"Tsumman da ke cikinsa, saƙin wa aka keta? Wannan ba tsumma ba ne, sabon zane ne."

Ta sake dubana, ta daɗe. Sannan ta juya ta fita, muka ji tana sauke kaya daga kan jaki. Ta dawo da ƙunshinta a ka, ta wuce Baba kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya a kaina.

"Tunda an hana ni tafiya da nawa, ni ma ba inda za ni. Ina ɗakinki? Nan zan zauna har ya warke, in ga irin tuwonki, in ga irin tashinki da safe. Tashi ki kai ni."

Na tashi na yi gaba, tana bina. A ɗaki na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na kawo ruwa a faifai da ƙwarya, na durƙusa. Ta sha, ta wanke ƙafa. Can sai ta kama hannuna na dama, ta juya shi ta dubi tafin, ta dubi farce. Ta tuɓe wani siririn awarwaron azurfa daga nata hannun, ta matse yatsuna ta tura shi da ƙarfi har ya wuce.

Ta ce, "Aro ne. In na ga abin da bai yi mini ba, zan karɓe abina."

Na ce, "To, Inna."

Ta ɗan ja shi baya don ta nuna mini da gaske take. Ya tsaya a ƙashin hannu. Ta sake ja, ya ƙi. Ta tofa masa yawu ta murɗa, ya ƙi. Ta dube ni, na dube ta, na cije leɓe iya ƙarfina don kada dariya ta kufce mini.

Ta ce, "Ja'ira. Je ki ɗora mini ruwan wanka."